Babi na Biyar: Birki Ba Ya Ƙwacewa Haka Kawai

Cikin dukan kayan da ke jikin mota babu wanda sunansa ya yi nisa a bakin Bahaushe kamar birki. Fulogi da lagireto da kabureta sun tsaya a gareji, kanikawa da direbobi kaɗai ke ambatonsu. Birki kuwa ya shiga gida, ya shiga kasuwa, ya shiga labaran rediyo. Za ka ji an ce kotu ta taka wa gwamna birki, ko dattawan unguwa sun taka wa wani fitinannen yaro birki. Mai ba da labari idan ya iso inda zai tsaya sai ya ce a nan zai ja birki. Wanda ke tafe ya hango abin tsoro ya tsaya cak, sai a ce ya ci birki. Wanda ba ya iya riƙe magana, a ce bakinsa ba birki. Wasu na cewa burki, wasu birki, duk abu ɗaya ne. Baƙuwar kalma ce, daga Ingilishi ta zo a zamanin da jirgin ƙasa da mota suka shigo mana, bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, ta samu wuri ta zauna kusa da linzami da dabaibayi da takunkumi.

Akwai abin lura a yadda muke furta ta. Idan maganar mutane ake yi, birki kullum yana da mai shi: wani ne ya taka, wani ne ya ja. Amma ranar da tirela ta afka cikin kasuwa, ko bas ta faɗa kwazazzabo da mutum goma sha takwas, sai magana ta juya. A ce birki ya ƙwace, birki ya tsinke, birki ya shanye, birki ya ƙi. Birki ya zama shi ne mai aikin, direba da mai mota da bakanike duk sun fita daga cikin zancen. A yi jana'iza, a yi addu'a, a rufe magana. Wannan babi zai nuna cewa da wuya birki ya tafi ba sallama. Yana da dalilai sanannu, yana da alamomin da yake nunawa makonni kafin ya ƙi, kuma kusan kowane dalili yana da hannun mutum a ciki.

Inda gudu yake tafiya

Motar da ke gudu tana ɗauke da ƙarfi, kuma ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Aikin birki shi ne ya mayar da ƙarfin gudu ya koma zafi. Wanda ya taɓa murza tafin hannuwansa da asubar hunturu har suka yi ɗumi ya riga ya san asalin abin: goga abu da abu yana haifar da zafi. A mota, takalmin birki ne ke matse ƙarfen da ke juyawa tare da taya, ko faifai ne ko ganga, gogayyar ta cinye gudun, ƙarfen ya ɗau zafi, iska ta kwashe zafin ta tafi da shi.

Zafin ba kaɗan ba ne. Ƙaramar mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a awa, idan aka tsayar da ita gaba ɗaya, zafin da birkinta zai fitar cikin daƙiƙa huɗu ya kusa kai ruwa lita biyu ga tafasa. Idan an bar ƙarfen ya huce, babu matsala, don haka aka ƙera shi. Matsala tana farawa ne idan zafi yana shiga fiye da yadda iska ke kwashewa. Duk wanda ya riƙe wannan zai gane yawancin abin da ke tafe.

Masu ƙera mota sun daɗe suna fama da wannan zafi. A watan Agustan 1888 Bertha Benz, matar Karl Benz, ta ɗauki motar mijinta da 'ya'yanta maza biyu daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus, tafiyar da ta haura kilomita 100. Birkin motar katako ne da ake dannawa da hannu, kuma tuddan hanya suka cinye shi. Sai ta tsaya wurin wani baduku ya kafa mata fata a jikin katakon. Daga wannan fata aka taho har zuwa takalman birkin yau, waɗanda ake haɗawa da garin ƙarfe da zare da ƙaro na musamman don su jure zafin ɗaruruwan digiri. A 1902 Louis Renault ya fito da birkin ganga a Faransa, a shekarar kuma Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin faifai a Ingila. Ganga ce ta yi mulki shekaru masu yawa, sai da motar Jaguar ta ci tseren awa 24 na Le Mans a 1953 da birkin faifai sannan duniya ta juyo. Sirrin faifai shi ne a buɗe yake, iska na bugunsa ta ko'ina, ita kuwa ganga a rufe take, tana riƙe zafi a cikinta. Shi ya sa yau kusan duk ƙananan motoci faifai ne a gabansu, domin idan an taka birki nauyin mota gaba yake komawa, ƙafafun gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin.

Daga ƙafar direba zuwa taya

Yaya ƙafar mutum ɗaya take tsayar da abu mai nauyin tan ɗaya da rabi? Amsar tana cikin man birki. Tun ƙarni na 17 masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana cewa ruwan da aka kulle a cikin mazubi, idan aka matsa shi a wuri ɗaya, matsin yana isa kowane lungu daidai wa daida, kuma ruwa ba ya matsuwa. Malcolm Loughead ne ya yi amfani da wannan ƙa'ida a birkin mota a Amurka, motar Duesenberg ta 1921 ta fito da shi a ƙafafu huɗu. Idan direba ya taka, baƙar tukunyar nan da ke bayan injin tana ƙara wa ƙafarsa ƙarfi da taimakon zuƙar injin, famfon da kanikawa ke kira masta ya tura mai cikin siraran bututu, man ya isa kowace ƙafa ya tura takalmi ya kama ƙarfe.

Iska kuwa tana matsuwa. Idan ta shiga bututu, direba zai taka ya ji ƙafarsa ta nutse, domin ƙarfinsa ya ƙare wajen matse iskar, bai kai ga taya ba. Wannan ne dalilin aikin da kowa ya saba gani a gareji, inda yaro ke zaune a kujerar direba, maigidansa na kwance a ƙarƙashi da sifana yana cewa, “Yi famfo! Riƙe! Sake!” Iska suke fitarwa. Aiki ne na haƙuri, kuma bakaniken da ya gajarta shi ya bar wa direba ajiyar da za ta tashi a kan hanya.

Man birki yana da hali guda da mutane da yawa ba su sani ba: yana shan danshi daga iska. A jikin gwangwani za ka ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Selsiyas, DOT 4 kuma 230. Bayan ya tsufa ya sha ruwa, na farko zai iya saukowa zuwa 140, na biyu 155. Ranar da birki ya yi zafi sosai, tsohon mai zai tafasa a cikin bututu, tururi ya taso, tururi kuma iska ne. Nan take feda ta tafi ƙasa ba tare da ɗigon mai ko ɗaya ya zuba ba. Bayan motar ta huce sai birkin ya dawo, mutane su taru suna mamaki, wasu har su fara zancen asiri. Babu asiri a ciki. Yawancin masu ƙera mota suna cewa a sauya man birki duk shekara biyu, amma akwai motoci birjik a hanyoyinmu da tun shigowarsu ƙasa ƙari kawai ake yi musu.

Mafi muni shi ne abin da ake zubawa idan mai ya ƙare a hanya. Ruwan omo sanannen abu ne a tasha. Zai iya kai mota gari na gaba a hankali, amma ruwa a digiri 100 yake tafasa, yana kuma sa tsatsa a cikin famfo. Wanda ya zuba ya ga mota ta tsaya, sai ya manta, ruwan ya yi wata uku a ciki. Man inji kuma kumbura robobin famfo yake yi har su lalace. Haka idan bututun ƙafa ɗaya yana yoyo, akan naɗe shi ko a toshe shi da ƙusa, a ce an kashe ƙafar kafin a samu kuɗi. Motar za ta ci gaba da tafiya da ƙafa uku, kuma ranar da aka taka da ƙarfi za ta fizge zuwa gefe guda.

Nisan da mota ke ci kafin ta tsaya

Ko birki lafiyayye ne garau, ba ya tsayar da mota a inda aka taka shi. Da farko akwai lokacin da ido zai gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta tashi daga totur ta koma kan birki. Ga direba mai natsuwa wannan yana ɗaukar kimanin daƙiƙa ɗaya, ga mai gyangyaɗi ko mai waya a kunne ya fi haka. Sannan akwai nisan da birkin zai ci yana aiki. Wannan na biyun ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan gudu ya ninka sau biyu, shi sau huɗu yake ninkawa.

A busasshiyar kwalta mai kyau, da tayoyi masu kyau, motar da ke gudun kilomita 50 za ta ci kimanin mita 14 kafin ƙafa ta taɓa birki, ta ƙara wasu mita 14 kafin ta tsaya, jimla mita 28. A gudun 100, mita 28 ne da mita 55, jimla 83. A gudun 120 jimlar ta haura mita 110, wato ta wuce tsawon filin ƙwallon ƙafa. Idan ruwan sama ya jiƙa hanya, ko yashi ya hau kwalta, ko taya ta suɗe, nisan yana ƙaruwa ƙwarai.

Ga wani lissafi da ya kamata duk mai tuƙi a cikin gari ya haddace. Motoci biyu suna jere, ɗaya tana gudun 50, ɗaya 70. Yaro ya faɗo titi mita 28 a gabansu, direbobin biyu suka gan shi lokaci guda, suka taka birki. Mai gudun 50 zai tsaya daidai gaban yaron. Mai gudun 70 zai iso wurin yana kan gudun kusan kilomita 58. Kilomita 20 ne kawai tsakaninsu a allon mota, amma ɗaya ya tsaya cak, ɗaya kuwa ko rabin gudunsa bai zubar ba. Idan aka tambaye shi zai ce ya taka birki bai kama ba, alhali birkin ya kama, wuri ne ba a ba shi ba. Dokar hanya a Nijeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi, tanka da tirela kuma 45 da 50 da 60. Daga irin wannan lissafi aka samo waɗannan lambobi.

Gangare

Inda birki ya fi shan wuya shi ne doguwar gangara. Direbobin da ke bin hanyar Jos zuwa Akwanga sun san Hawan Kibo, masu zuwa Gembu sun san hawan Mambila da kwanoninsa, masu zuwa kudu sun san Ugwu Onyeama a mashigar Inugu. A irin waɗannan wurare nauyin motar ne da kansa ke jan ta ƙasa, kuma ba ya hutawa. Tirela mai nauyin tan 40 da ta sauko gangaren da zurfinsa ya kai mita 300, idan birki kaɗai aka bar wa aikin, zafin da zai sha ya isa ya kai ruwa fiye da lita 350 ga tafasa. Babu gangar birkin da za ta haɗiye wannan cikin 'yan mintuna. Takalmi idan ya yi zafi fiye da ƙima sai ya yi santsi ya daina kamawa, ganga kuma ta buɗe saboda zafi ta yi nesa da takalmin. Direba na takawa, motar na ƙara gudu.

Tsofaffin direbobi suna da ƙa'ida da suke koya wa yaransu: da giyar da ka hau tudu, da ita za ka sauka. Idan mota tana cikin ƙaramar giya, an ɗaga ƙafa daga totur, injin ne ke riƙe ta, birki sai dai a taɓa a saki. Kuma tun a saman tudu ake sa giyar, domin babbar mota idan ta riga ta ɗau gudu ba lalle giya ta shiga ba. Yawancin manyan motoci suna da birkin inji ko na salansa da aka yi musamman don wannan aiki, kuma ya cancanci a gyara shi idan ya lalace kamar yadda ake gyara kowane sashe.

Abin da ke rusa wannan ƙa'ida shi ne sakin mota a firi don tsimin mai. Al'adar ta daɗe, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowane direba yana lissafin kowace lita. Mai sakin mota a firi ya sallami injin daga aikin riƙo, ya ɗora wa birki kaya duka. Wanda ya kashe injin gaba ɗaya ya fi shiga haɗari, domin tukunyar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi da injin take aiki, taku biyu ko uku kawai za ta ba shi feda ta sandare, sitiyari ma ya yi tauri. Ga shi kuma ribar da ake nema babu ita a motocin zamani masu injekta: idan suna cikin giya a gangare, ƙafa ba ta kan totur, kwamfutar motar yanke mai take yi, a firi kuwa dole ta ci gaba da ba injin mai don kada ya mutu.

Sai lodi. Kowane birki an auna shi ne da nauyin da motar za ta ɗauka. A ranar 28 ga Yunin 2018 wata tankar fetur ta faɗi ta kama wuta a gadar Otedola da ke bakin hanyar Legas zuwa Ibadan, motoci fiye da 50 suka ƙone, aƙalla mutum tara suka rasu. Labarin farko da ya bazu shi ne birki ya ƙwace. Da gwamnatin jihar ta bincika, sai ta bayyana cewa motar tana ɗauke da kusan ninki biyu na nauyin da aka ƙera ta ta ja. Irin wannan lodi muna ganinsa kullum: tirelar hatsi ko ta shanu an cika ta, sannan mutane sun hau sama, ƙaramar mota buhuna sun danne bayanta har salansa na jan ƙasa.

Manyan motoci da iska

Tirela da tanka da tifa da manyan bas ba mai ke tura birkinsu ba, iska ce. Inji yana juya kwamfuresa, ita kuma tana tara iska a tankuna, wannan ce “tss” ɗin da ake ji idan babbar mota ta tsaya. Asalin dabarar daga jirgin ƙasa take. George Westinghouse ya yi rajistar birkin iska a Amurka a 1869, amma na farkon yana da aibi: idan tiyo ya tsinke, jirgin ya rasa birki ke nan. A 1872 ya juya tsarin, ya zama tsinkewar tiyo ita ke sa birki ya kama. Manyan motocin yau sun gaji wannan hikima. A ƙafafunsu na baya akwai ƙaƙƙarfan sifirin da iska ke dannewa, da zarar iska ta yi ƙasa sosai sai ya saki ya damƙe ƙafar.

Wannan yana nufin babbar mota mai lafiya idan ta rasa iska tsayawa take yi. Kafin ta gudu ba birki sai an yi mata wani abu: an ɗaure sifirin ɗin da ƙusa don a samu a ja ta, aka bar shi haka, an toshe tiyon da ke zuwa bodi, takalma sun cinye ba a sauya ba, ba a daidaita tazarar takalmi da ganga ba, ko an bar ruwa ya taru a tankunan iska, alhali ƙa'ida ita ce a riƙa zubar da shi kullum. Direban da ke taka birki yana saki ba ƙaƙƙautawa a gangare shi ma yana zubar da iska fiye da yadda kwamfuresa ke mayarwa. Agogon iska da ke gaban direba don a duba shi aka sa shi, kuma bai kamata mota ta motsa da safe ba sai allurarsa ta hau inda ya dace. Haka waigin da yaron mota ke sa wa taya idan an tsaya a tudu yana da muhimmanci, amma mataimaki ne ga birkin hannu, bai isa ya maye gurbinsa ba.

Alamomi

Birki yana sanar da ciwonsa. Ƙarar ƙiii idan an taka, a motoci da yawa, ɗan ƙarfe ne da aka sa da gangan ya yi kuka idan takalmi ya kusa ƙarewa. Gurnani na nufin ya ƙare, ƙarfe ke cin ƙarfe. Feda mai laushi iska ce ko tsohon mai. Feda da ke nutsewa a hankali idan an riƙe ta, masta ne ke yoyo ta ciki. Mota ta ja gefe guda, wata ƙafa ba ta kamawa. Sitiyari na rawa idan an taka, faifai ya lalace. Man da ke raguwa a kofinsa wani wuri yake tafiya, ko dai takalma sun cinye ko akwai yoyo. Warin ƙuna bayan gangare umarni ne a tsaya a bar ƙarfe ya huce da kansa, ba a watsa masa ruwa ba, domin ruwan sanyi na iya tsaga shi.

Fitilar ABS ma haka. Wannan na'ura, wadda Mercedes-Benz da Bosch suka fito da ita a 1978, tana hana taya kullewa idan an taka da ƙarfi, domin tayar da ta kulle jan ƙasa take yi, ba ta jin sitiyari. Idan tana aiki direba zai ji feda na bugun ƙafarsa. Kada ya saki, ya ci gaba da dannawa yana karkatar da mota daga abin da ke gabansa. Idan fitilarta ta zauna a kunne, na'urar ba ta aiki, kuma cire ƙwan fitilar ko liƙe ta da baƙin salatif kafin a sayar da mota ha'inci ne da zai iya cin rai.

Masu babur da adaidaita sahu ba su fita ba. 'Yan acaɓa da yawa suna tsoron birkin gaba, wasu har sun bar wayarsa ta tsinke, alhali a busasshiyar hanya shi ke ɗaukar kaso mafi girma na tsayawa. Abin da ake buƙata shi ne a koyi matsa shi sannu a hankali tare da na baya, a kuma guji fizgarsa a cikin kwana ko a kan yashi.

Idan duk da haka birki ya ƙi a kan hanya, akwai abin yi. A ɗaga ƙafa daga totur. A ƙaramar mota a yi ta famfon feda da sauri, domin motoci tun ƙarshen shekarun 1960 layin mai biyu gare su, ɗaya na iya rage. A sauko da giya ɗaya bayan ɗaya. A ja birkin hannu a hankali, yatsa na kan maɓallinsa don a iya saki idan baya ya fara juyawa. Kada a kashe inji. A danna hon, a kunna fitilu, a nemi tudu ko yashi ko ciyawa, ko a goga gefen mota da ganuwar hanya. Asarar bodi ta fi asarar rai sauƙi. A ƙasashe masu tsaunuka akan gina wata 'yar hanya cike da tsakuwa a gefen dogon gangare don babbar motar da ta rasa birki ta shiga ta nutse, kuma kowane sanannen gangare a ƙasarmu ya cancanci irinta.

Haƙƙin wa?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowane yanki asara, duk da ƙarancin motocinta. Nijeriya ta kafa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a 1988, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, jihohi kuma suna da jami'an VIO masu duba lafiyar mota. Aikinsu yana da amfani matuƙar takardar lafiyar mota tana fitowa ne bayan an duba motar da gaske. Amma babu jami'in da zai kwana a kowane gareji.

Nauyin yana kan mutum huɗu. Mai mota, wanda direba ke ce wa, “Alhaji, birkin nan yana so a duba shi,” ya amsa da cewa a lallaɓa a yi sawu ɗaya tukuna. Bakanike, wanda ya san bambancin takalmi mai kyau da jabu a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, kuma yana da ikon cewa, “Maigida, wannan ba zan ɗaura maka shi ba.” Direba, wanda ƙafarsa ce ta fara jin sauyi kafin kowa. Sai fasinja, wanda ya ga an saki mota a firi ko an yi mata lodin da ya wuce hankali, ya yi shiru don kada a ce ya cika tsoro. Kuɗinsa ya biya, ransa ne a ciki, yana da haƙƙin cewa, “Direba, don Allah a sa mata giya.” Ƙungiyoyin direbobi da ke iko da tasha, waɗanda ba sa barin mota ta yi lodi sai ta bi layi, suna da ƙarfin hana motar da ba ta da birki ɗaukar mutane.

Mun yi imani da ƙaddara, kuma malamanmu sun koyar da cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duba kofin mai, leƙa ƙarƙashin mota a ga ko akwai ɗigo, danna feda a riƙe ta na ɗan lokaci, gwada birki a hankali kafin a hau titi, duka ba su wuce minti biyar ba. Takalman birki da gwangwanin mai suna cikin kayan gyara mafi araha a jikin mota, kuma su ne ke tsare dukan sauran.

Sai dai birki, komai ingancinsa, taya yake tsayarwa. Taya ce ke tsayar da mota, ta wurin ɗan abin da ke taɓa kwalta a kowace ƙafa, wanda a ƙaramar mota bai wuce faɗin tafin hannu ba. Shekarunta, da zanenta, da iskar da ke cikinta, da abin da zafin kwaltar watan Afrilu ke yi mata, su ne abin da babi na gaba zai duba.